Gwajin maƙirgan furosesa: a bar tazara ko a nemi adadi cif?

Bashir: Jama'a, ni fa ban gamsu da gwajin PMU (sashen furosesa mai ƙirga ayyukan da take yi) na tsohuwar sigar kvm-unit-tests da muke amfani da ita ba, wato tarin gwaje-gwajen KVM, manhajar Linux mai tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo. Zagayen da gwajin ke sa furosesa ta maimaita yana da umarni 10, ana maimaita shi sau miliyan 1, amsa ke nan miliyan 10. To don me aka yarda har zuwa miliyan 10.2? Umarni 200,000 za su iya sulalewa ba wanda ya lura. Wannan kintace ne, ba awo ba.

Zainab: Yaya Bashir, ai ba zagayen kaɗai ake ƙirgawa ba. Daga kunna maƙirga zuwa kashe ta akwai wasu umarnin a tsakani, kuma kowane kompaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnin furosesa, da adadin da yake fitarwa. In ka nace sai cif, gwajin zai riƙa faɗuwa a kan lafiyayyar na'ura har mutane su daina kula shi.

Bashir: To a haɗa kunnawa, zagayen da kashewa wuri guda a asembili, inda ake rubuta umarnin furosesa kai tsaye, ta rajistar IA32_PERF_GLOBAL_CTRL mai kunna maƙirga da kashe su. Kompaila ba shi da hanyar sa baki.

Malam Isa: A kan umarni da rassa (umarnin da ke sauya wa shiri hanya) ina bayanka, Bashir. Amma kada a yi kuɗin goro. Adadin bugun agogon furosesa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa aka ba shi daga miliyan 1 zuwa 50. Ni iyakar ƙasa ce ma ta fi damuna. An ce kuskuren kash na ƙarshe, lamba 0x412E, wato sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa ta furosesa aka rasa, dole ya kai 1. Na taɓa kwana biyu ina zargin KVM, ashe kash ɗin sabar ne ya yi girma, bayanan duk suka zauna ciki, maƙirga ta nuna 0. Sai da na sa clflush, umarnin da ke fitar da bayani daga kash, kafin karatun sannan ta motsa.

Zainab: Ka gani, Malam? Gyaran a zagayen yake, ba a sassauta iyaka zuwa 0 ba. In 0 ta wuce, ko matacciyar maƙirga ma ta ci gwaji.

Halima: Ku yi haƙuri in tsoma baki, akwai iyakar da ba ku taɓo ba. Da can kafaffun maƙirga uku, wato masu ƙirga abu guda da ba a sauyawa, Intel ke da su. Daga furosesoshin Ice Lake aka ƙara ta huɗu. Jerin da gwajin ke dubawa gurbi uku gare shi, CPUID, umarnin da ke faɗin abin da furosesa ke da shi, kuma ya ce huɗu, sai gwajin ya karanto abin da ke bayan jerin ya ɗauka iyaka ce.

Bashir: Wannan kam ba gardama, a fara toshe shi. Amma maganata ta 10.2 tana nan.