Wane suna za mu ba ƙarfen bakin injin roka?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 4 zan naɗi shirin kimiyya a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini: "refractory alloy". Shi ne ƙarfen da ake ƙera bakin injin roka da shi, irin wanda ake kira C-103 na kumbon Apollo da ya je wata, haɗin ƙarafa uku: kashi 89 cikin ɗari niyobiyam, 10 hafniyam, 1 titaniyam. Duk wanda ya kalli tashin rokar Falcon 9 ya ga yadda bakin injin hawa na biyu ke yin jajur kamar garwashi, kuma bai narke ba.

Jikan Maƙera: Kalmar ƙarshen, wato "alloy", gami ce, a maƙera muka tashi muka ji ta. Ta farkon kuwa, "refractory", gagara-wuta. Gamin gagara-wuta, shi ke nan.

Malamar Kimiyya: Na yarda da gami, amma gagara-wuta ya zarce gaskiya, Malam. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Celsius, niyobiyam sai 2,477. Sai dai in ya yi zafi a cikin iska, oksijin cin sa take yi, shi ya sa ake shafa masa rufi mai silikon. Narkewa kawai yake ƙi. A ce ƙi-narke, kamar ƙi-gudu.

Jikan Maƙera: Malama, kunne ake yi wa shirin. Gagara-badau, gagara-gasa, gagara-wuta, kowa ya ji ya gane. Ƙi-narke sai ka ce tuwon da ya kwana. Shekara talatin ina gaban zugazugi, yanzu masu digiri ne za su koya mini sunan ƙarfe?

Ɗan Bukuru: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Daga ma'adinin kwalambayit ake fitar da niyobiyam, kuma a shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Najeriya haƙo shi. Iyayenmu ne suka wanke shi tare da kuza a nan Filato, ga mu yau muna aron sunansa.

Malamar Kimiyya: Ba raini ba ne, Malam Jikan Maƙera. In aka ce gagara-wuta, ɗalibina zai rubuta cewa wuta ba ta yi wa ƙarfen komai, ya faɗi jarrabawa.

Jikan Maƙera: To a gyara jarrabawar.

Mai Fassara: Allah ya huci zuciyarku. Zan fara da "gamin ƙarfe mai jure tsananin zafi", daga nan in riƙa cewa ƙi-narke. Zancen Filato ma zai shiga.

Jikan Maƙera: Kalma shida a wurin da biyu suka isa. Ka dai riƙe gami, ni kuwa ina nan kan gagara-wuta.