Wane batir ne ya dace da fulogin injin ƙaramin jirgin sama?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Yayana ya kawo mini ƙaramin jirgin sama na rimot, mai injin da ke shan wani mai da ake kira metanol, tare da fulogi uku samfurin O.S. lamba 8. Da na zo tayar da injin sai na jona fulogin da batirin babur ɗina, nan take ya yi haske sau ɗaya ya mutu, na biyun ma haka. Saura ɗaya ke nan a hannuna, kuma na zaga Agege da Ikeja ban samu mai sayar da irinsa ba. Don Allah masana, da wace wuta ake kunna shi?

Mai Gyaran Rediyo, Alaba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sake kusantar da na ukun ga wannan batir. Batirin babur bolt 12 ne, fulogin kuwa bolt 1.5 yake buƙata. Ba irin fulogin babur ba ne mai tartsatsi. A cikinsa akwai wata siririyar waya a naɗe wadda aka yi da gaurayen ƙarfen filatinam, aikin batir shi ne ya sa ta yi ja kafin inji ya tashi. Da zarar ya tashi sai a cire batirin, domin tururin metanol idan ya taɓa filatinam yana haifar da zafi, wannan da zafin ƙonewar mai su ke riƙe wayar da garwashinta.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, duk da ƙarancin bolt ɗin, fulogin yana jan wuta sosai, wajen amfiya 2 zuwa 4, saboda haka ƙaramin batirin agogon bango ba zai jure ba. Ni abin da na fi amincewa da shi shi ne batir guda ɗaya mai caji, NiMH ko NiCd, mai bolt 1.2, girman Sub-C, wanda shi ne ake sakawa cikin makunnin da ake sayarwa, wato abin da ake maƙala wa fulogin don a kunna shi. Ka haɗa shi da gajeriyar waya mai kauri, domin siririya mai tsawo za ta cinye ɗan abin da ke akwai. Wasu za su ce ka sa rizista, wato abin rage wuta, a batirin babur, amma yi lissafi: daga bolt 12 zuwa 1.5, bolt 10.5 za ta shanye a amfiya 3, wato fiye da wat 30 na zafi a kusa da galan ɗin metanol. Ban yarda da wannan ba.

Kafin ka ɗaura fulogin, gwada shi a waje a cikin inuwa. Launin ruwan lemo mai haske shi ake so. Ja mai duhu alamar batir ya yi sanyi, fari kuwa wuta ta yi yawa.

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
Mai Gyaran Rediyo ya gama magana a kan wuta. Sai dai a ƙara da cewa batirin litiyam na waya yana kai bolt 4.2 idan ya cika, don haka shi ma yana ƙone fulogi idan babu na'urar rage wuta a tsakani.

Ni damuwata yatsunka ne. Daga lokacin da ka maƙala makunnin, ka ɗauka injin a shirye yake ya tashi, musamman idan mai ya yi masa yawa, domin farfela tana iya juyowa baya da ƙarfi. A sami wanda zai riƙe jirgin, ka kaɗa farfelar da sanda mai roba, ka bi da wayoyi ta baya, kuma ta bayan farfela za ka miƙa hannu ka cire makunnin. Harshen wutar metanol da ƙyar ake ganinsa da rana, saboda haka ka rufe galan ka nisantar da shi. Rufewar tana da wani amfanin, tunda metanol yana zuƙar ruwa daga iska, kuma kowa ya san laimar Legas. Sannan Agege maƙwabciyar filin jirgin Murtala Muhammed ce, ka nemi fili mai nisa idan za ka tashi jirgin.

Ɗan Agege:
Allah ya saka muku da alheri. Na samu batirin Sub-C daga tsohon injin huda bango na wani kafinta maƙwabcina, na caje shi, fulogin ya yi ruwan lemo kamar yadda Mai Gyaran Rediyo ya faɗa. Ranar Asabar zan gwada injin a ɗaure a kan benci, yayana zai tsaya mini.