Rudolf Höss: ɗan aike ne ko uban tafiya?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na karanta tarihin Rudolf Höss, kwamandan Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka kashe Yahudawa da wasu mutane a Poland lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda aka rataye ranar 16 ga Afrilun 1947. Ni a ganina kotun Warsaw ta bar jaki ta doki taiki. Himmler, shugaban rundunar SS ta Hitler mai kula da sansanonin, shi ne ya ba shi umarni, shi kuwa ya sha guba a Mayun 1945, ya tsere wa shari'a. Ɗan aike aka kama.

Hafsat: Wa alaikumus salam. Ɗan aike kuma, Malam? Tun 1923 hannunsa da jini. Shi da abokansa suka ja wani malamin makaranta, Walther Kadow, cikin daji suka kashe. Aka ɗaure shi shekara 10, afuwa ta fito da shi a 1928. Lokacin Hitler bai ko ji ƙanshin mulki ba.

Malam Sani: Wannan shari'a ce daban, kuma ya yi zaman gidan yarinta.

Barista Aminu: To mu bar ta. Ba kamo shi aka yi ba, da ƙafarsa ya bar noma ya shiga SS a 1934. Daga sansanin Dachau zuwa na Sachsenhausen a 1938, sai Auschwitz a 1940. Ba a yi wa mai jan ƙafa irin wannan ƙarin girma. Zyklon B, gas ɗin da ake kashe mutane da shi a sansanin, asalinsa maganin kashe ƙwarƙwata ne. Mataimakinsa Fritzsch ya gwada shi kan fursunonin yaƙi na Sobiyat a 1941, Höss ya ga ya yi masa, ya rungume. Daga baya da bakinsa yake cewa ya fi na sansanin kisa na Treblinka iya tsari, nasu ɗakin gas mutum 200 yake ɗauka, nasa 2,000. Malam, ɗan aike yana alfahari da saƙo haka?

Idris: Yallabai Barista, "da bakinsa" ɗin nan ne ke damuna. Sojojin Birtaniya sun kama shi a Maris 1946 a wata gona kusa da Flensburg, yana amsa sunan Franz Lang. Sai da suka tsorata matarsa cewa za a miƙa ɗanta ga Rasha kafin ta faɗi inda yake. Zoben aurensa ya tona shi, sunansa da na matar na rubuce a ciki. Sannan suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ya sa hannu cewa an kashe miliyan 2.5 da gas, yau masana na cewa kusan miliyan 1.1 ne gaba ɗaya. Kai lauya ne, kotu na karɓar irin wannan ikirari?

Barista Aminu: Dukan ya faru, kuma kuskure ne, ba zan kare shi ba. Amma ba a kansa aka rataye shi ba. Ranar 15 ga Afrilun 1946 ya tsaya shaida a kotun Nuremberg da ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a, kuma lauyan Kaltenbrunner, wani babban jami'in SS da ake tuhuma, shi ne ya kira shi, wato ɓangaren masu kare kai. A bainar jama'a ya maimaita, ba sanda a kansa. A kurkukun Krakow ya zauna ya rubuta tarihinsa da hannunsa, a nan ma shi ya ce miliyan 2.5 ta yi yawa. A Warsaw kuwa waɗanda suka tsira daga sansanin sun zo ɗaya bayan ɗaya sun ba da shaida. Cire takardar farko ka yar, hukuncin bai motsa ba.

Idris: Na karɓi wannan. Adadin ne ya canza, aikin bai canza ba.

Hajiya Binta: 'Ya'yana, ni ba lissafin ne ya tsaya min a rai ba, gidan ne. Matarsa da 'ya'ya biyar suna zaune jikin katangar sansanin, ga lambu ga furanni, fursunoni ke yi musu shara da ban ruwa. Ya dawo daga aiki ya wanke hannu ya ɗauki yarinya. An ma sauya masa wurin aiki a ƙarshen 1943, amma da za a kwaso Yahudawan Hungari sama da 400,000 a Mayun 1944, shi aka maido don shi ya iya. Cikin kusan wata biyu aka gama, yawancinsu daga jirgin ƙasa sai ɗakin gas. Innalillahi.

Malam Sani: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban ce mutumin kirki ba ne. Amma da ya ƙi, ai harbe shi za a yi.

Barista Aminu: Wannan hujja kowa ya kawo ta bayan yaƙi. Masu gabatar da ƙara a Jamus sun yi ta tonon takardu, ba su samu ɗan SS ko ɗaya da aka tabbatar an kashe shi don ya ƙi kisa ba. Sauyin wurin aiki ko rage muƙami dai. Sashe na 8 na dokar kotun Nuremberg ma ya rufe ƙofar: umarnin na sama ba ya wanke mutum, iyakarsa a duba sassauci.

Malam Sani: To na janye "ɗan aike". Amma 'yan SS sama da 7,000 suka yi aiki a Auschwitz, waɗanda suka gurfana ba su kai 1,000 ba. Mengele, likitan sansanin da ya yi gwaje-gwaje kan fursunoni, a Barazil ya mutu a 1979, yana wanka a teku. Wannan adalci ne?

Hafsat: Ka sauya magana ke nan, Malam. Ɗazu cewa ka yi bai kamata a rataye wannan ba, yanzu kana tambayar ina sauran.

Malam Sani: Hafsat ba kya barin ta kwana. Tambayar dai tana nan, Barista, in mun fito daga la'asar ina jiranka.