Waƙar Niƙan Iya

Auta: Assalamu alaikum. Ku saurari muryar da na turo. Iya ce. Kun san wata biyu ke nan ba ta gane kowa, jiya ma da sunan ƙanwarta marigayiya ta kira Goggo. Ɗazu da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, na rera farkon waƙar niƙan nan da Goggo ta koya mini. Sai kawai Iya ta karɓe daga bakina. Ta kai ta har ƙarshe ba gargada, hannuwanta na kai da komowa a kan cinya kamar tana durƙushe gaban dutsen niƙa.

Baffa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Amma Auta, tsohuwar da ta haura shekara 80 kalmar shahada ake tuna mata. Na sha faɗa muku, waƙa ba ta ƙara wa ɗan Adam komai. Shagala ce.

Goggo: Shahada kullum muna laƙƙana mata, safe da dare, kuma tana amsawa. Amma kada ka ce waƙar nan ba komai ba ce. Kana goye a bayanta take yin ta. Kafin injin niƙa ya zo garinmu, da asuba take tashi ta niƙa dawar gidan mutum goma sha. Da waƙar take auna numfashinta, da ita take gaya wa kishiya abin da ba ya faɗuwa a fili, da ita take kiran sunayen 'yan'uwanta da aure ya raba su. Yau na ga uwata ta dawo, ko da na minti uku ne. Na yi kuka.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ƙara girma, ku da kanku kuka ba mu labarin gayya. Kun ce in mai gangar noma ya tsaya a bakin gona yana kiran kirarin samari, kunyar da za a yi yini ana ja kafin azahar an tashe ta. Fartanya 30 na sauka ƙasa lokaci guda saboda sauti ɗaya suke bi. Mahauta da kalangu, 'yan dambe da nasu, mata da luguden daka. Kusan kowace sana'a mai wahala a ƙasar Hausa sai da ta nemi amo ta jingina da shi.

Baffa: Na faɗa, ban musa ba. To ina gayyar take yau? Abin da ya rage shi ne a kafa lasifika a bakin layi har ƙarfe biyun dare, maza da mata a cakuɗe, ana liƙi da kuɗin da ba a biya mai shinkafa ba. Mawaƙi ya wasa ɗan siyasa bana, baɗi ya yi masa zambo don wani ya fi ba shi. Wannan kuke karewa?

Malam Ƙarami: A raba magana biyu, Baffa. Kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kai, kuma da yawansu sun hana, suna kafa hujja da hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, da ke cikin Bukhari. Wanda ya ƙaurace musu yana da madogara mai ƙarfi. Amma a Bukharin ne dai aka ruwaito 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Sahabbai kuma suna rera baitoci lokacin haƙa ramin Khandaƙ. Abin da Iya ta yi murya ce zalla, ko tafi babu.

Yaya Babba: Kuma a nan gida, da me Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da matan ƙauye? Waƙoƙi ta rubuta da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis, wato malamai matan da ta horar, suka haddace suka kai wa 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu. Ta rasu tun 1864, har yau akwai tsofaffin da ke rera su. Ta san abin da aka rera ya fi zama a ƙirji.

Baffa: Wannan wa'azi ne aka saka masa kari. Ban taɓa hana shi ba. A kan kiɗa ina nan inda nake, kuma bikin 'ya'yana ba za a kafa lasifika ba.

Goggo: Gidanka ne, ba mai ja da kai a nan. Ni dai kalmar "ba komai" ce ta tsaya mini a wuya. Magani muna ba ta, addu'a muna yi, amma sunan Baba bai fito daga bakinta ba tun bayan sallah sai yau, a tsakiyar waƙar nan. Ka sake saurara, wajen minti na biyu.

Auta: Akwai ta daɓe da ta raino ma, Goggo ta ce rabinsu kawai take tunawa. Gobe bayan ta karya zan gwada mata farkonsu in ga ko za ta ɗauka.

Goggo: Ki bari sai na zo, ni na san inda ake ɗaga murya. Ki cika wayarki da caji.