Abin da muka tsinta a hirar masu fatsa

Jama'a ga taƙaitawar shawarwarin da aka bada kan kamun karfasa a tafkin Madarumfa da ke jihar Maradi a Nijar, musamman kan abin da za a ɗaura a zaren fatsa ya riƙa yawo a saman ruwa don a gane kifi ya ci. Yawanci sun ce totuwar karan dawa ita ta fi, ka yanko kamar tsawon yatsa ka ɗaure a zare, ba ta da nauyi shi ya sa kifi na taɓa tana za ka ga totuwar ta motsa, amma fa tana shan ruwa sai ana canzawa. Wasu sun ce guntun tsohon silifa ya fi daɗewa, gaskiya ne, ni dai totuwar nake so. Ƙugiya ƙarama don bakin karfasa ƙarami ne, dalmar da ke nutsar da ƙugiya kuma 'yar kaɗan. A fita da sassafe, kuma don Allah a maida ƙananan kifayen cikin ruwa su girma.