Ƙafar gaba ta Cessna 172 ta zauna

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Da safen nan ina zagaya ƙaramin jirgin sama Cessna 172 kafin tashi, sai na ga ƙafar gaba ta nutse, farin ƙarfen da ke shiga da fita cikin ƙafar ya kusa ɓacewa, ga mai yana naso. Daga inji yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Shafa da yatsa, ɗana. In ja ne, na ƙafar ne. Man haidirolik da iskar naitirojin ke cikinta, su ke shanye jijjigar sauka. Robar da ke riƙe man ta mutu. Kada ka tashi da shi.

Matuƙi: In baƙi-baƙi ne kuwa, injin jirgin, ƙirar kamfanin Lycoming, ke yoyo. Zare sandar awon man inji ka duba. Kuma in ka tayar da injin, allurar matsin mai ba ta motsa cikin daƙiƙa 30 ba, kashe shi nan take.

Ɗalibi: Ja ne, Baba. Allah ya saka da alheri.