Sikirin wayata ya fashe, masu inshora na ja min rai: in kai gyara ko in jira?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar inshora.

Wayata a tsarin biya kaɗan-kaɗan na saye ta. Ranar da zan karɓa, yaron shagon ya ce akwai ɗan ƙarin kuɗi na inshorar sikirin, wai in ya fashe za a canza min. Na biya. Makon jiya ina saukowa daga adaidaita sahu ta suɓuce min ta bugi kwalta. Gilashin ya tsage daga kusurwa, baƙar tawada ta cinye rabin fuskar, ƙasan kuma ba ya jin taɓawa. In an kira tana ƙara, amma ba halin ɗagawa.

Na koma shagon, suka ce su nasu sayarwa ne kawai, suka ba ni wata lamba. Na kira, aka ce in turo hoto, na tura. Can sai aka ce wai sai na biya wani kaso na kuɗin gyaran, maganar da ban ji ta ba ranar saye. Tun daga nan kullum "ana dubawa". Ni kuwa da wayar nan nake neman na kaina, atamfa da leshi nake sayarwa ta WhatsApp. Ga kuɗin wata ya kusa, in ban biya ba su kulle ta. Ƙanena ya ce in ba shi ya kai kasuwar waya ta Farm Centre a canza sikirin yau ɗin nan. In ba shi, ko in ƙara haƙuri?

Mai gyaran waya: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Gyaran nan shi ne sana'ata, amma ina roƙonki kada ki bari kowa ya buɗe wayar tukuna. Da zarar an ɗaga murfin baya, gam ɗin kamfani ya tashi, kuma injiniyansu na dubawa zai gane. Da wannan kaɗai za su iya cewa ba ruwansu. Sannan galibin sikirin da ake sawa da araha kwafi ne: haske ba ya kai na asali, a rana da ƙyar ake gani, kuma in wayarki mai ɗaukar zanen yatsa a kan gilashi ce, sau da yawa wannan ya tafi kenan. Ki kuma nisanta ta da ruwa. Akwai ɗan farin tabo a ciki da ke komawa ja in ya jiƙe, kuma ta wannan tsagin danshi ke shiga.

Baban yara: Ni dai ban taɓa ganin wanda inshora ta biya ba. Ki gyara abarki ki huta.

Tsohuwar ma'aikaciyar inshora: Malam, ana biya, amma wanda ya riƙe takarda ake biya. 'Yar uwa, abin da ya fi muhimmanci yanzu shi ne ki san wa kike bi bashi. Garanti daban, inshora daban. Garanti na kamfanin da ya ƙera wayar ne, kuma matsalar ƙira kawai yake ɗauka, ba faɗuwa ba. Inshora kuwa dole akwai kamfani mai lasisi a bayanta. Wani lokaci ma abin da ake sayarwa a shago alkawarin gyara ne kawai na mai sayarwa, ba inshora ba. Saboda haka ki nemi sunan kamfanin, da lambar yarjejeniyarki, da takardar sharuɗɗa. Ki duba saƙonni da imel na ranar da kika saya, sau da yawa nan ake turo ta.

Kason da suka ce ki biya ba lallai ne cuta ba. Inshora da yawa haka take, mai kaya ya ɗauki wani ɓangare, kamfani ya cika. Amma sai in yana rubuce a takardar, kuma adadin ya yi daidai da abin da aka rubuta. In babu shi, ki ce su nuna miki inda yake. Ki duba wa'adin kai rahoto ma, don wasu kwanaki kaɗan suke bayarwa, shi ya sa ranar da kika fara kiransu hujja ce a hannunki.

Daga yau ki daina dogaro da kira. Ki rubuta musu: ranar da ta faɗi, yadda ta faɗi, lambar IMEI mai lambobi 15 da ke jikin kwali, hoton rasit, hoton wayar gaba da baya. Ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, kada wani ya ce ki ƙara gishiri, don in labari ya saɓa da abin da injiniya ya gani sun samu ƙofar fita. Ki nemi lambar ƙorafi. In sun ƙi biya, su rubuta dalili. Da wannan takardar za ki je NAICOM, hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi, tana da sashen karɓar ƙorafi. In kuwa ta tabbata alkawarin shago ne, to FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ce wurin zuwa.

Maman biyu: Anti, kada ki tsayar da kuɗin wata don fushi. Bashin wayar daban yake tafiya, in kin tsaya a kulle ta, a kuma ce ke kika fara karya sharaɗi.

Ɗalibi daga Zariya: Tunda rabin fuskar na nunawa, ki samu OTG, wato 'yar igiyar da ake sawa a wurin cajin waya, ki jona linzamin kwamfuta da ita, kibiya za ta fito ki riƙa dannawa da ita. Ki adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ki kwashe hotunan kayanki, ki fita daga manhajar banki, ki cire layi da memori kafin ki miƙa ta. A wurin gyara sukan goge komai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na hana ƙanena, na sa layina a ƙaramar wayar Yayata kafin nan. Anti mai inshora, wasiƙar dole sai da Turanci? Kuma shagon zan kai ko kamfanin?

Tsohuwar ma'aikaciyar inshora: Ki sa a rubuta miki da Turanci, gajere, don shi ma'aikatansu ke aiki da shi. Kamfanin za ki tura wa ta imel, ki kai wa shagon kwafi su sa hannu da kwanan wata a kan naki. Rasit na asali kuma ya zauna a wurinki, kwafinsa za ki bayar.